Inna Mai Tarho, Kin Kira Kowa Ban Da Ni

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Hadizatu, wadda duk Ƙofar Marusa ta sani da Inna Mai Tarho.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, irin wadda kika koya mini da gwiwa biyu a ƙasa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima da yalwar makwanci. Mu nan lafiya lau muke, sai kewa. Mun yi sadakar arba'in ranar Juma'ar da ta wuce. Ƙannena Sani da Hajara sun koma gidajensu, ni aka bar wa mabuɗan gidanki tunda ni ce babba.

Na san ba kya son a kai zancen gida waje, ga shi kuma na rubuto miki a inda kowa zai karanta. Ki gafarce ni. Kwana arba'in na yi a kan tabarma ina karɓar gaisuwa, ana ce mini ya haƙuri ina cewa da godiya, alhali abin da ke cina a rai ba baƙin ciki ba ne kaɗai. Kishi ne, Inna. Kishi nake yi da mutanen unguwar nan, manyansu da yaransu, kuma tunda su suka ja, gara su ji da kunnensu.

Ga ƙarata a taƙaice. Shekara arba'in da ɗaya muka yi tare a duniya, ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ni ce 'yar fari, ke kuma Bafulatana mai alkunya, don haka ni "Ke" ce, ko "yarinyar nan", in kina magana da wasu kuma "waccan". Da wata uwar ce da na haƙura, don ba ni kaɗai aka yi wa haka ba. To amma ke sana'arki a duniya kiran sunayen mutane ce. Kin kira na liman, kin kira na mahauci, kin kira na mai wanki da na jikokinsa. Ni da kika ɗauki cikina wata tara, ko da kuskure ban samu ba.

Ranar da aka kai ki, gidan nan bai ɗauki mutane ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi har bakin masallaci. Wata mata da ban taɓa gani ba ta faɗo tsakar gida tana birgima tana cewa uwarta ta tafi. Ni da aka yi wa mutuwa ni na koma ina ba ta baki, ina yi mata fifita. Kowa ya zauna sai ya buɗe nasa labarin, kuma kowane labari da sunan mai shi a ciki. "Sai Inna ta ce mani, Ladidi, share hawayenki." "Sai Inna ta ce, Malam Iro, taho da sauri." Ina jin su ina gyaɗa kai.

Har sabon kansilanmu ya zo, wanda bai fi wata biyu a kujera ba, tunda bana ne sojoji suka koma bariki. Ya shigo gaishe da mata da babbar riga sai ƙamshi, ya durƙusa ya fashe da kuka, ya ce duk Katsina babu mai ce masa Lawandi sai ke. Ya yi alkawarin haƙa rijiyar burtsatse a unguwa a sa mata sunanki. Na ce Allah Ya ba da iko. A raina kuwa cewa nake, da ana musanya, ya riƙe rijiyarsa ya ba ni abin nan da ya samu a banza.

Kin tuna ranar da na fara zuwa ofishin tarho? Ina aji uku a firamare, aka riƙe ku aiki har bayan Azahar, Baba ya ba ni kwanon abinci in kai miki. Ɗaki ne mai sanyi, da wani dogon allo a jikin bango, duk ramuka da ƙananan fitilu. Ku huɗu kuna zaune a jere, kowace da abin saurare a kunne da abin magana a gaban baki. Fitila ta kama, ki zaro igiya ki cusa a rami ki ce, "Katsina, lamba nawa?" Sau da yawa ma ba kya bari a faɗi lambar. Daga sallama kin gane murya. "Alhaji Mamman, an wuni lahiya? Ya mai jiki? Asibiti za a ba ka ko? Ga shi nan." Na tsaya riƙe da kwano baki buɗe. Ban san uwata tana da irin wannan murya ba, mai taushi, mai dariya a ciki.

A gefenki Madam Saratu ce ke zaune, abokiyar aikinki, Kirista 'yar kudancin Kaduna da ke haya a Ƙofar Kwaya. Ranar ita ma 'yarta Rifkatu tana wurin, tsarata ce. Da aka ɗan samu sarari kika juyo kika ce, "Rifkatu, zo nan ɗiyar albarka." Kika cire abin sauraren daga kanki kika sa mata, tana ta ƙyalƙyala dariya. Sannan kika dubi kwanon hannuna, ba ma fuskata ba, kika ce, "Ke, aje nan ki tahi gida."

A bakin ƙofa na kama cinyar Rifkatu na mintsine ta da dukkan ƙarfina. Ta tsala ihu, kika fito. Na tsaya ban gudu ba, don na san in uwa ta fusata sunan ɗanta take kira gaba ɗaya har da na ubansa. Kika ce, "Ke, mi ta yi maki?" Shi ke nan. Ko a faɗa ban samu ba. Rifkatu yanzu nas ce a Jos, ta aiko da takardar ta'aziyya mai kyau, amma har yau in an ambace ta sai ranar nan ta dawo mini sabuwa.

Da muka je hutu ruga wajen Kaka, mahaifiyarki, na kai mata ƙara. Tana burga nono ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ɗan fari na dangi ne, uwa ajiya aka ba ta, kuma macen da ta kama sunan ɗan farinta ta zubar da kunyarta a tsakiyar kasuwa. Ta ƙara da cewa, "Ita ma uwar taki ɗiyar hwari ce. Tahi ki tambaye ta ko ta mutu." Ban tambaye ki ba. Na san al'ada, Inna, ba baƙuwa ba ce ni a garin nan. Ƙawayena 'yan fari suna da yawa, amma su iyayensu ba sa wuni suna rarraba wa gari sunaye a gabansu.

Sau ɗaya na ɗana miki tarko da gangan. Shekarar da sojoji suka fara miƙa mulki ga farar hula ce, shekara ashirin ke nan, ina Zariya na gama kwalejin horon malamai. Sakamako ya fito na ci. Na tafi gidan waya na ba da sunana a yi mini kiran nesa zuwa ofishin Baba. Ba Baba nake nema ba. Na san aikin safe kike yi a makon, kuma duk kiran da zai shiga Katsina sai ya bi ta allonku. Lokacin zaɓe ne, 'yan siyasa da wakilansu sun cika layi, kowa yana neman Kaduna ko Legas. Tun hantsi nake kan benci har aka yi Azahar. Ban damu ba, ina ta shirya yadda za a yi. Na ce a waya ba kya ganina, babu suruki a kusa, babu dangi, ai dole ki tabbatar da mai magana.

Aka ce in shiga akwatin waya na biyu. Na ɗaga, na ji ki tar kamar kina gefena: "Katsina, lamba nawa?" Na ce, "Inna, kin gane mai magana?" Kika ce, "Na gane. Lahiya?" Na ce na ci jarrabawa. Kika ce, "Madalla, Allah shi yi albarka. Sauka daga layi, akwai mai haihuwa a Dutsin-Ma mijinta shina neman likita." Na ajiye. Na fito ina kuka a titi, mutane suka ɗauka faɗuwa na yi.

Da na dawo gida na tarar kin yanka kaji biyu kin ɗinka mini atamfa. Ban manta ba, kada a ce na yi butulci. Sai dai a shekarar ɗan maƙwabtanmu ma ya ci tasa jarrabawar, shi ma kin yanka masa kaza.

Ranar bikin Hajara kuwa, tsakar gida cike da mata, ga masu kiɗan ƙwarya, ana nemana a ba ni saƙo. Kina can bakin madafa ni ina nan bakin rijiya. Kalma ɗaya ta isa. Amma kika taso da gwiwarki mai ciwo, kika ratsa mata kina tsallake ƙafafu da kwanuka, kika zo kika taɓa kafaɗata. Mata suka yi ta yaba alkunyarki har aka watse.

Da aka kawo na'ura mai haɗa layi da kanta, aka ce ku tsofaffin ma'aikata ku huta, wallahi murna na yi. Baba ya riga ya rasu, na ce yanzu dai ni da ƙannena za mu samu uwarmu. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ba ki yi wata uku a gida ba kika sa aka jawo miki layi, kika ajiye baƙin tarho a zaure kan ɗan tebur, kika rufe shi da farin ƙyalle saboda ƙura. Kafin shekara ta zagayo lambar gidanmu ta zama lambar Ƙofar Marusa. Duk wanda ɗansa ya tafi Legas ko Fatakwal ko Jos, ita yake ba shi.

Ba kya aike. Kin ce saƙon waya amana ne, ba a ba ɗan aike. Da kanki kike yafa mayafi ki bi lungu, tun daga nesa ana jin ki: "Malam Iro! Malam Iro tela! Ɗanka na Legas zai sake bugowa bayan La'asar!" Ran Lahadi in an taso daga coci, iyalan ma'aikata su cika benci suna jiran kiran gida, ki fito musu da ruwan randa. Ran kasuwa kuma danginki Fulani su jingine sanduna a ƙofar zaure, suna jiran labarin 'yan'uwansu da suka yi kudu da shanu. Ki zauna kuna ta Fulatanci, kina tambayar lafiyar garke saniya bayan saniya, kowace da sunanta. Ki duba fa, Inna. Har saniya.

Ba ki taɓa karɓar ko kwabo ba. In labarin mutuwa ne ba a jin muryarki a lungu. Sai ki shiga gidan a hankali, ki zauna, ki nemi ruwa, ki jira sai an natsu. Har mutane suka gane: in Inna ta kira ka daga nesa alheri ne, in ta yi sallama a hankali ka fara salati. Kin ji asirin rabin garin nan, na aure, na gado, na rashin lafiyar da ake ɓoyewa, ba a taɓa jin ko ɗaya daga bakinki ba. Kullum maganarki ita ce, "Abin da kunne ya ji a layi, a layi shika mutuwa." Duk wannan gaskiya ne, na shaida, kuma zan shaida a gaban Allah. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A raina na sha kiranki inuwar giginya, na nesa ka sha.

Shekarar da likita ya ce sai an yi mini aiki a ciki, na taso daga gidana a Ƙofar Guga musamman don in gaya miki. Tsoro nake ji ƙwarai. Na zauna a bakin gadonki na fara, tarho ya yi ƙara, kika tashi. Kika dawo na sake ɗaukowa daga farko, ya sake bugawa, kika tafi kiran Ladidi. Na uku ban jira kin dawo ba, na ɗauki jakata na fita. Daga baya a bakin maigidana kika ji. Kika rufe zaure, abin da ba ki taɓa yi ba, kika zo kika yi kwana tara a gefen gadona. Ke kika yi mini wanka, ke kika ba ni kunu a baki. A kwana taran nan babu majinyaciyar da ba ki haddace sunanta ba a ɗakin. Da wata sabuwar nas ta tambaye ki sunan mara lafiyarki, sai kika miƙa hannu kika nuna mata katin da ke rataye a ƙafar gado.

Bana da ciwonki ya tsananta, ni na dawo gidan nan na zauna da ke. Ranar da aka rantsar da sabuwar gwamnati kika ce in kunna miki rediyo. Kina kwance kina saurare, kika yi murmushi kika ce, "Na ga sojojin nan sun tahi, na ga sun dawo, ga shi sun sake tahiya. Allah shi sa wannan karon su ɓace hanya." Na yi dariya har da hawaye. Daga nan jiki ya yi ta ja baya, amma kanki bai taɓa ruɗewa ba. Da ma ya ruɗe, Allah Ya gafarta mini, na sha yin wannan fatan. Na ce wataƙila in hankali ya gushe kunya ma za ta gushe.

Ranar ƙarshe, bayan La'asar, mu biyu ne kaɗai a ɗaki. Idonki a rufe. Kika tambaya ko ɗan Malam Iro ya bugo, kika ce a gaya wa Ladidi kada ta sayar da keken ɗinkinta, kika sa wa Sani albarka, kika sa wa Hajara, kowa da sunansa. Na kama hannunki na ajiye duk wata kunya na ce, "Inna, wa ke riƙe da hannunki?" Kika matse yatsuna kika ce, "Na san hannun." Ba ki ƙara wata magana ba sai kalmar shahada.

Yanzu ga laifina, tunda na faɗi naki. Ranar da aka dawo daga maƙabarta, mutane suna cike da gida, tarhon nan ya fara ƙara. Na shiga zaure na ja tebur na fizge wayar daga bango, na mayar da tebur na rufe wurin. Na ce sun ci rabonsu sun ci nawa, ya isa. Kwana arba'in yana mace. Malam Iro ya zo sau uku, ya tsaya daga bakin ƙofa yana murza hula, "Malama, yaron nan bai bugo ba?" Na ce layi ne ya lalace. Ya yarda, don kin san halin layukan yanzu. Na ga tsohon ya juya yana jan ƙafa, ban ji daɗi ba, amma ban mayar ba.

Shekaranjiya da hantsi sai ga Madam Saratu. Tun da kuka yi ritaya ta koma garinsu, labari bai kai mata da wuri ba. Ta tsufa, tana dogara sanda. Ta yi kuka mai isarta, ta yi miki addu'a irin tasu, na ce amin. Za ta tafi na rako ta zaure, ta tsaya ta ɗaga ƙyallen, ta ɗauki kan tarhon ta kara a kunne. Ta ji layin a mace. Ta sa sanda ta ture teburin, ga waya a ƙasa. Ta dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Ban san yadda aka yi ba, sai na ji bakina yana zubo mata duk abin da na rubuta miki a sama.

Ta zauna a bencin masu jiran kira. Sannan ta ce za ta karya dokar aiki, abin da ba ta taɓa yi ba, kuma in kin yi fushi ku daidaita a can. Ta ce kowace safiya kafin ku karɓi aiki sai kun gwada layi. Ɗaya ta cusa igiya ta yi magana, ta gefenta ta saurara ta tabbatar murya tana fita. "Kowa ɗaya, biyu, uku yake cewa," in ji ta. "Mamanki ba ta ƙirga. Sai ta sa hannu ta kare baki, ta ce, Rabi'atu, Rabi'atu, kina ji na? Ni kuma in ce, ina ji." Ta ce tun ranar da aka zaunar da ku kusa da juna har ranar da aka kwashe allon, fiye da shekara ashirin, ba ki canza ba. Ta taɓa tsokanarki a kai, kika ce mata, "A layi aka ji, Saratu."

Inna, kin san abin da na ji? Masu karatu za su so in ce sanyi ya ratsa ni na yafe wa kowa. Na ji sanyin, ba zan musa ba. Amma abin da ya biyo baya kishi ne wanda ya fi na da. Shekara ashirin da ɗoriya ana kirana kowace safiya, wata ce take amsawa. Sunana ne, da muryar nan taki mai dariya a ciki, a kunnen Madam Saratu ya ƙare. Ina makaranta, ina gidan miji, ina kuka a titin Zariya, ashe da safen ranar ma kin kira. Na ce mata ta maimaita mini yadda kike faɗa. Ta maimaita sau uku, baiwar Allah, tana ƙoƙarin kwaikwayon muryarki. Ba ta iya ba. Na gode mata, na raka ta har bakin titi, ina jin kamar in riƙe kunnuwanta in hana ta tafiya da su.

Da na dawo na durƙusa na mayar da wayar. Kafin Magariba ɗan Malam Iro ya bugo, na yafa mayafi na tafi da ƙafata.

Jiya kuma na yi wani abu da nake so ki sani. Kin san jikarki, tawa 'yar farin, tana karatu a Zariya, shekararta goma sha tara. Kin kuma san yadda nake kiranta, don a wajenki na koya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Duk ƙorafin nan da nake yi, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ita take ji ba. Na buga lambar ɗakin kwanansu, mai gadi ya ɗauka. Na ce a kira mini ta ɗaki na goma sha biyu. Ya ce, "Hajiya, su huɗu ne a ɗakin, wacce daga ciki?" Na waiga, babu kowa a zaure. Na kare bakina da hannu na ce, "Zainab." Ya ce bai ji ba. Na sake faɗa. Wallahi Inna ban san sunan yana da daɗi haka ba, ni da na zaɓa mata shi.

Na riƙe kan tarhon ina jin takun ɗalibai, ina maimaitawa a zuci, na ce tana ɗauka zan faɗa. Ta ɗauka tana haki ta ce, "Umma? Lafiya?" Na buɗe baki. Harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Na ji kaina ina cewa, "Ke ce? Lafiya lau. Kina cin abinci dai ko?" Ta ce tana ci. Muka yi sallama. Mai gadin da bai san ni ba ya ji sau biyu, ita ba ta ji ba. Na zauna a kujerarki na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarki, don a nan na gane ba rowa kika yi mini ba. Abin ya fi ƙarfinki ne, kamar yadda ya fi nawa. Ban fid da rai ba, ni ina da sauran numfashi, kuma ba na so wata rana ta je tana roƙon mai gadi ya kwaikwayi muryata.

Allah Ya jiƙanki, Inna. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa duk takun da kika yi a lungunan Ƙofar Marusa ya zama nauyi a mizaninki. Yadda kika rufa asirin bayinsa, Ya rufa naki. Ya gafarta mini kwana arba'in ɗin da na hana mutane jin 'ya'yansu, Ya sassauta mini wannan harshe tun ina da lokaci. Ya haɗa mu a Aljanna Firdausi, ke da Baba da Kaka da mu duka.

Roƙo ɗaya nake da shi a wajenki. Malamai sun ce a can babu ƙyashi a zukata, to ina fata babu alkunya ma. In Allah Ya sa mun iso, na san mutanen unguwa za su yi miki caa, kowa yana jiran ki kira shi. Su jira. Ki fara da ni, da ƙarfi, yadda kike kiran Malam Iro daga bakin lungu. Ba sai kin tambaya ko ina ji ba.

Wassalam.

Ni ce 'yarki ta fari,
Rabi'atu.